Kafireton babur a ƙasar Kano da Jigawa: tudu, zafin bazara da wayar da ake cusa wa jet

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga wajen naira 200 ta haura 500, a 2024 ma har ta tsallake dubu, ƙorafin da kanikawan babur suka fi ji a karkarar Kano da Jigawa guda ɗaya ne: mashin yana shan mai. Da can sai injin ya fara ƙara ko kuloci ya soma sulɓewa ake nufar gareji. Yanzu kuwa ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Gumel da Maigatari ranar Alhamis, da manomin ranin da ke ɗauko kwandunan tumatir daga Kadawa, da malamin firamaren da ke koyarwa a ƙauyen da mota ba ta shiga, kowa buƙatarsa a rage masa shan mai. Hannun bakanike kuma wuri ɗaya yake nufa, kafireto.

Ga kuma wata magana da ta shigo ta wayar hannu. Samarin da ke kallon bidiyon gyaran babura sun ji Turawa da Indiyawa na cewa sai an canza jet, wato 'yar tagulla mai rami da mai ke bi a cikin kafireto, gwargwadon tudun wurin da ake hawa, wai saitin bakin teku ba ya yi a kan dutse. Maganar tana da tushe. Sai dai masu yin ta mutane ne da ke hawan duwatsun Himalaya ko na Kolorado a Amurka, inda hanya ke kai mutum mita 3,000 ko fiye. A nawa ganin, a ƙasarmu tudu shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke birkita haɗin mai da iska. Zafin rana ya fi shi tasiri, ƙura ta fi zafin, hannun mutum kuma ya fi su duka ɓarna.

Kafin fetur ya ci wuta sarai, kowane kilo ɗaya nasa yana buƙatar iska wajen kilo 14.7. Idan ƙarfi ake nema akan ɗan ƙara man, iskar ta koma tsakanin kilo 12.5 da 13. Aikin kafireto shi ne ya auna wannan haɗi, ba kwamfuta ba lantarki. Duk wanda ya san tsohon famfon fesa maganin sauro, mai gwangwani a ƙasa da bututu a sama, to ya san yadda kafireto ke aiki: ka tura iska ta wuce bakin siririn bututu da gudu, sai ta zuƙo maganin daga gwangwani ta watsa shi feshi. A babur fistin ne ke jawo iskar, ta bi ta maƙogwaron kafireto inda ya tsuke, ta ƙara gudu, ta zuƙo fetur daga ɗan kofin da ke ƙasa. Jet kuwa 'yar tagulla ce mai rami, ta nan man ke bi kafin ya hau. Raunin dabarar ɗaya ne. Kafireto ba ya auna nauyin iskar da ta wuce shi. Idan iska ta yi shara-shara, wato sinadarin da wuta ke ci ya ragu a cikinta, man da ake zuƙowa ba ya raguwa daidai da ita, sai haɗin ya karkata wajen mai.

Mutane da yawa sun ɗauka jet ɗaya ne ke mulkin komai. Hanyoyi uku ne suka raba aikin, kuma hannunka a kan totur shi ke zaɓar wadda ke aiki, ba gudun da mashin ke yi ba. Daga silo zuwa kamar kwatan totur, ƙaramin jet ne ke ciyar da injin, wanda ake ce wa jet ɗin silo, tare da ɗan sukurun da ke gefen kafireto. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce ke da iko. Doguwa ce mai tsini, tana shiga cikin bututun da man ke fitowa, kana jan totur tana ɗagawa tana buɗe hanya. A kanta akwai gaɓoɓi, galibi biyar, da ɗan kilif da ke riƙe ta. Ka mayar da kilif gaɓar sama, allura ta nutse, mai ya ragu. Ka mayar da shi gaɓar ƙasa, allura ta ɗago, mai ya ƙaru. Wasu sababbin babura gaɓa ɗaya tak ake yi wa allurarsu, ba wurin taɓawa. Babban jet ba ya karɓar ragama sosai sai totur ya kusa ƙurewa.

Sukurun gefen nan ma yana ruɗa kanikawa, domin iri biyu ne. Idan yana ɓangaren da iska ke shigowa, wajen soson da ke tace iska, na iska ne, kwance shi na rage mai. Idan yana ɓangaren injin, na mai ne, kwance shi na ƙara mai. Wanda ya saba da iri ɗaya ya tarar da ɗayan, sai ya yi kishiyar abin da ya nufa, yana kuma rantsuwa ya gyara.

To, mu zo kan tudu da alƙaluma. Birnin Kano yana wajen mita 480 sama da teku, Dutse ba ta yi nisa da haka ba, Haɗeja da fadamarta sun ɗan fi ƙasa, ba su kai mita 400 ba. Ka tashi daga Bichi ka ratsa har Birniwa, bambancin tudun da za ka yi bai taka kara ya karya ba. In ka cire kudancin jihar Kano, wajen Doguwa da duwatsun Riruwai, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace mita 100 da aka hau. Kenan iskar Kano ta fi ta Legas sauƙi da kamar kashi 5, ta Jos mai mita 1,200 da 'yan kai ta fi ta Kano sauƙi da kashi 7 zuwa 8, ta tsaunin Mambila a Taraba, inda aka kai mita 1,600 har fiye, da kashi 11 ko sama.

Amma ba nan lissafin ya tsaya ba, kuma a nan ne masu bidiyo ba sa yin bayani. Iskar da ta yi sauƙi, ƙarfin zuƙarta ma yana raguwa. Saboda haka in nauyinta ya faɗi da kashi 10, haɗin ba ya karkata da kashi 10, wajen rabin haka yake karkata, kashi 5. Ramin jet kuma da'ira ne: ka rage faɗinsa da kashi 2 da rabi, ka rage man da ke wucewa da kashi 5. A yawancin ƙananan kafireto irin na kamfanin Keihin da kwaikwayonsu na Sin, lambar da ke jikin jet faɗin ramin ce, 80 na nufin kashi 80 cikin 100 na milimita guda. Wato duk wannan hawa na mita dubu, abin da yake nema shi ne mai jet 80 ya koma 78. Taki ɗaya. A lura dai, ba duk kamfanoni ke lissafi haka ba. Wasu jet ɗin Mikuni yawan man da ke wucewa lambarsu ke nunawa, don haka 80 ɗin wannan ba lallai ta zama 80 ɗin wancan ba, balle jet ɗin kwali da ake sayarwa a tire wanda lambar jikinsa ado ce.

Yanzu a kwatanta da zafi. Iska in ta ɗumama buɗewa take yi, ta yi sauƙi. Da asubar hunturu a watan Janairu ma'auni kan sauka zuwa digiri 12 a nan yankin. Da tsakar ranar Afrilu yakan kai 42. Tsakanin waɗannan biyun, nauyin iska ya bambanta da kashi 10 cikin 100, daidai da hawan kusan mita 1,000. Babur ɗin da bai taɓa barin Ɓaɓura ba, tsakanin hunturu da bazara yana fuskantar canjin iskar da ya zarce na wanda aka hau daga Kano zuwa Jos. Ga shi kuma Jos ɗin ta fi Kano sanyi, sanyin yana mayar da wani ɓangare na abin da tudu ya ɗebe. Ko a wuni ɗaya na hunturu, daga sanyin safe zuwa ɗumin azahar, iska kan canza da kashi 5 ko 6. Ba wanda ke canza jet sau biyu a rana, kuma mashin yana tafiya lafiya, domin kamfani ya ajiye saitinsa a tsakiya ne, ya bar sarari hagu da dama.

Wannan sararin ne ake cinyewa idan aka yi saiti a lokacin zafi aka matse mai har iyaka. Abin da ya yi daidai da azahar ɗin Afrilu, da safiyar Disamba ya zama yunwa ga injin: iska ta yi nauyi, man bai ƙaru ba, ga sanyi ya hana fetur saurin zama tururi. Shi ya sa za ka ga mutum a ƙofar gida yana ta taka kik har gumi ya keto masa cikin sanyi, mashin ya tashi ya mutu, sai an riƙe masa cok. Sai a ce fulogi ne, a sayi sabo, gobe a maimaita.

Ƙura kuwa ba ta jira a hau ko'ina. Daga Nuwamba zuwa Maris hazo yana sauka, hanyoyin burji da na turɓaya sun bushe, na gaba yana bulbula wa na baya. Soson da ke tace iska kafin ta shiga kafireto yakan toshe cikin 'yan makonni, kuma toshewarsa aikin cok take yi: injin yana zuƙa, iska ba ta isa, sai zuƙar ta koma kan jet ta jawo mai fiye da kima. Ka zauna a bencin bakanike ranar Lahadi a kasuwar Gujungu ko ta Dambatta ka sa ido. Mutum zai jingine Boxer ɗinsa a gindin darbejiya ya ce, “Oga, don Allah a ɗan matse min shi, ya cika sha.” Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara nufar kafireto da sukundireba. Murfin gefe yake buɗewa ya zaro soso, ya buga shi a gwiwarsa, jar ƙura ta tashi, ya ce, “Malam, yaushe rabonka da wanke wannan?” Sau da yawa amsar ita ce tun da aka sayi mashin. Sannan ya kwance kofin kafireto ya juye abin da ke ciki a murfin gwangwani. A ƙasan fetur ɗin za ka ga laka mai laushi, ja, da 'yan ɗigon ruwa a dunƙule suna yawo, sun ƙi haɗuwa da man. Lakar daga tsatsar tanki take, da man kwalba na 'yan bumburutu wanda aka ɗura da mazurarin da ya wuni a bakin titi.

Lakar nan jet ɗin silo take fara kamawa, domin raminsa bai kai rabin milimita ba. Daga nan ake shiga wani kuskuren. A ɗauko allurar ɗinki ko ƙarfen waya a zungure ramin. Tagulla tana da laushi, kowace zungura tana ɗan faɗaɗa ta. Ramin babban jet da ya tashi daga 75 ya koma 80, ido ba zai gani ba, amma man da ke wucewa ya ƙaru da wajen kashi 14 cikin 100. Mashin ya dawo yana sha fiye da da, mai shi ya koma ya ce a matse. Jet da fetur ake wanke shi a hure shi da iska, in ya ƙi a sa zaren buroshi na roba. Haka fulot, wato 'yar robar da ke yawo a kan man cikin kofi tana rufe ƙofa in ya cika. In ta huje ko bakin allurarta ya cinye, mai zai haura iyakarsa, ka ga kafireto yana ɗiga ta tiyo in an ajiye mashin. Babu jet ɗin da zai yi maganin wannan.

Matsewar da ake nema, wasu kanikawa da waya suke yin ta. A zaro sili ɗaya daga cikin wayar wuta, a zura a ramin babban jet, a lanƙwasa bakinsa don kada ya fita. A yi lissafi: rami mai faɗin 0.75 na milimita, silin waya mai kaurin 0.25, an toshe kashi 11 cikin 100 na hanyar mai kenan. Ragin mai irin wannan ya dace ne da iskar da ta yi sauƙi da fiye da kashi 20. Kafin mashin ɗin Kano ya tarar da irin wannan iska, sai ya hau sama da Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. An yi wa babur saitin ƙololuwar dutse, aka sake shi cikin rairayin Maigatari.

Abin takaicin shi ne ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Yawancin tafiyar yau da kullum a tsakiyar totur ake yin ta, inda allura ke da iko, wayar ba ta rage wani abin kirki a nan. Inda take cizo shi ne lokacin da aka ƙure totur, kuma mai babur a karkara ba don tsere yake ƙure totur ba. Yana ƙure shi ne in ya ɗora buhun gero biyu da mutum a baya ya shiga yashi a giya ta biyu. A nan injin yana aiki iyakar ƙarfinsa, gudun kuma kaɗan ne, iskar da ke bugun haƙarƙarin injin ta sanyaya shi ba ta da yawa. Baburanmu ba su da lagireto, iska da baƙin mai da shi kansa fetur ɗin ne ke rage musu zafi, domin rarar man da ke shiga tana ɗauke wani zafin yayin da take zama tururi. Ka janye wannan rara a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, bawul ɗin hayaƙi ya fara ƙonewa, kan fistin ya yi zafi, baƙin mai ya tsinke. Watarana a tsakiyar daji injin ya kama, a ce ya buga. Kuɗin fistin da ringi da bulok, da kwanakin da ɗan acaɓa zai yi ba aiki, sun haɗiye duk abin da aka tara a gidan mai. Ban ga laifin mai neman sauƙi ba, halin da ake ciki kowa ya sani. Bakaniken da ya san ƙarshen abin ya yi shiru don naira ɗari biyar, shi ne abin tuhuma.

Injin yana faɗar halin da yake ciki ga mai sauraro. In mai ya yi masa kaɗan, ka ja totur da sauri sai ya yi kamar zai shiƙe kafin ya ɗauka, ka saki totur salansa ta riƙa tas-tas, silo ya maƙale a sama ya daɗe bai sauko ba, in kuma ka ɗan ja cok yana tafiya sai ka ji ya farfaɗo. Irin waɗannan alamu ma suna fitowa in robar da ta haɗa kafireto da injin ta tsage tana satar iska, abin da zafinmu ke yawan jawowa, don haka a duba ta kafin a zargi jet. In mai ya yi yawa, mashin yana tashi da sanyin safe ba cok, amma da ya yi zafi sai ya riƙa gurnani yana nauyi, baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur suna bin salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, maganar ringi ce, kafireto ba ruwansa.

Fulogi ma shaida ne, in an san yadda ake tambayarsa. Farin tangaran ɗin da ke bakinsa in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, haɗi ya yi. Baƙi mai bushewa kamar kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, ko mai 'yan ƙuraje, injin yana yunwa yana kuma zafi. Sai dai fulogin da aka cire bayan mashin ya daɗe a silo labarin silo kawai zai bayar. Don a ji labarin babban jet, sai an samu miƙaƙƙen titi mara jama'a, a ƙure totur a babbar giya na kamar rabin minti, a riƙe kuloci a kashe makulli lokaci guda, a gangara gefe a cire shi. Akwai ma gwajin da ba ya buƙatar sifana: kana cikin ƙure totur ka ɗan sassauta kaɗan. In mashin ya ƙara ja a maimakon ya rage, babban jet ya yi masa ƙanƙanta.

Sukurun gefe da injin mai zafi ake saita shi. A rufe shi a hankali ba tare da an danne ba, a kwance zagaye ɗaya da rabi, sannan a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana saurare har a samu inda silo ya fi ɗagawa ya kuma daidaita, sai a sauke shi da ɗaya sukurun mai sifirin. In sai an kwance ya wuce zagaye uku, ko an kusa rufe shi ruf, kafin injin ya ji daɗi, to jet ɗin silo ne ya toshe ko ba girmansa ba ne. Kuma abu ɗaya ake taɓawa a gwada kafin a taɓa wani. Duk wannan bayan an wanke soso ne, an shanya shi an ɗan shafa masa baƙin mai an matse, an duba tazarar bawul, da iskar taya, da birkin da ke kamawa, da sarƙar da ta bushe. Matatar takarda kuwa ba a wanke ta, canzawa ake yi.

Samari masu neman gudu su kuma ta ɗaya ɓangaren suke faɗawa: a fasa salansa, a cire soso, a ɗaura ƙaton jet. Babban jet ba ya haifar da ƙarfi. Injin mai cc 100 ƙarfin doki wajen 8 yake da shi, kuma iskar da yake iya haɗiya ce ta yanke masa wannan iyaka. Man da ya wuce abin da iskar za ta ƙone hayaƙi yake zama. Cire soso a ƙasar da ƙura ke sauka wata biyar a shekara kuwa, yashi ake ɗura wa ringi. Mai ɗaukar kaya a yashi, ƙara haƙora biyu ko uku a siroket ɗin baya ya fi masa duk wani wasa da jet.

Ragowar maganar tudu ta masu tafiya ce. Wanda ya bi ta dajin Falgore da Saminaka ya hau Jos don kwana biyu, ya bar kafiretonsa yadda yake. Zai ji mashin ya ɗan yi nauyi a hawa, domin injin yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, kuma babu jet ɗin da ke dawo da wannan, iskar ce babu. Wanda zai zauna Gembu, a kan tsaunin Mambila, watanni, in ya ga fulogi yana baƙi bayan soso tsaf yake, ya sauke allura da gaɓa guda, ko ya rage babban jet taki ɗaya, ya ƙulle tsohon a leda ya ajiye ƙarƙashin kujera. Haɗarin a saukowa yake. Mai da ya yi yawa a kan dutse fulogi kawai yake ɓatawa, amma ƙaramin jet da aka sauko da shi ƙasa, inda iska ta fi nauyi, injin yake ci. Da an sauko Serti, a gindin tsaunin, a mayar da na asali. Haka wanda ya sayo babur na hannu daga Mambila ko Filato, kafin ya ɗora masa buhu ya sa a kwance kofin kafireto a karanta lambar jet, a kuma leƙa ramin a hasken rana ko akwai waya a ciki.